Yadda ake adana kifi a kafa shi a bango don ado

Kifi na fita daga ruwa yake fara sauya kama. Cikin 'yan mintoci ƙyallin gefensa zai dushe, ratsin jikinsa ya koɗe, ƙege, wato fukafukansa, su soma bushewa suna tsagewa daga baki. Duk wanda ya ga ƙaton kifi a bango yana sheƙi kamar yanzu aka ciro shi, to launin nan fenti ne aka mayar masa da hannu, domin babu maganin da ke riƙe launin kifi bayan ya mutu. Abin da ake iya adanawa shi ne fata, da kamɓorin da ke kanta, da ƙege, da siffar jiki. Abubuwa uku ke ɓata aikin: naman da aka bari a ciki, maiƙon da ba a cire ba, da danshin da aka rufe da fenti tun bai fita ba.

Awa ta farko bayan kamu

Kafin komai, ɗauki hoto. Ɗauki gefe biyu, da baya, da ciki, da kai daga kusa, da kowane ƙege a buɗe. A inuwa mai haske za ka ɗauka, domin rana tsaka da fitilar kyamara suna wanke launi. Waɗannan hotuna su ne za su yi maka jagora ranar fenti, wadda ƙila sai bayan wata biyu za ta zo.

Sai awo. Auna tsawo daga bakin kifi zuwa ƙarshen wutsiya, sannan kewayen jiki a wuri huɗu: bayan marfin kunne (murfin da ke rufe wurin numfashinsa a gefen kai), inda ciki ya fi kauri, gaban ƙegen ƙasa na baya, da gindin wutsiya. Rubuta su nan take.

Kada a farke cikinsa, kada a kankare shi, kada a zura masa igiya ta kunne, kada kuma a bar shi yana birgima a ƙasa ko cikin jirgi, don kowane bugu kamɓori yake zubarwa. Kwantar da ƙegen a jikinsa, ka naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul, ka sa wutsiya tsakanin kwali biyu, ka zura shi a leda biyu, ka matse iska ka ɗaure. Kwantar da shi a miƙe kan katako cikin firiza. Jarida ba ta da amfani a nan: tana tsotse ruwan fata, tawadarta kuma tana kamawa. Kifin da aka naɗe da kyau zai kai wata shida lafiya. In ya haura shekara, sanyi kan ƙone bakin ƙege da leɓe su bushe su yi fari. Idan babu firiza, a binne shi cikin ƙanƙara yana cikin ledarsa, yadda ruwan narkewa ba zai jiƙa shi ba, a fara aiki cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wace hanya ta dace da wane kifi

Kifi mai kamɓori mai ƙarfi da ƙarancin maiƙo, irin karfasa da matsakaicin giwan ruwa, shi ake feɗewa a ɗora fatarsa a kan jikin da aka sassaƙa. Kifi marar kamɓori irin tarwaɗa, fatarsa tana yamutsewa in ta bushe, gashin bakinsa ya murɗe, maiƙo ya yi ta tsatsowa shekara da shekaru. Irin wannan kifi, zubi ya fi dacewa da shi, wato a ɗauki siffarsa a filasta a ƙera kwafinsa da rezin, ruwan roba mai daskarewa. Haka salmon da manyan kifayen teku. Ƙananan kifi da ba su wuce santimita 15 ba, kwalba ce gidansu, cikin ruwan magani. Mai koyo ya fara da kifi mai tsawon santimita 30 zuwa 45, kuma ya gwada hannunsa a kan wanda bai damu da shi ba kafin ya taɓa wanda yake ji da shi.

Fiɗa

Kayan aiki ba su da yawa: almakashi mai ƙarfi, ƙaramar wuƙa mai kaifi, wata wuƙar dakusasshiya, cokali, hantsaki mai dogon baki, sirinji, boraks (farin garin magani mai hana ƙwari da fumfuna), alif, sabulun wanke kwanuka, da safar hannu.

Narkar da kifin cikin ruwan sanyi yana cikin leda, ko ya kwana a firji. Ruwan zafi yana sassauta kamɓori. In tsakiyar naman na da sauran ƙanƙara kaɗan, hakan ya fi, don fata ta fi saurin rabuwa da nama mai tauri. Wanke yauƙin jikinsa da ruwan alif, babban cokali ɗaya a lita ɗaya, na kamar minti 10 zuwa 15, kana shafawa daga kai zuwa wutsiya. Alif yana dunƙule yauƙi, yana kuma ƙara wa kamɓori riƙo. In ya daɗe a ciki, ƙege za su sandare su ƙi buɗuwa.

Zaɓi gefen da ya fi kyau. Shi ne zai kalli mutane, ɗayan ya kalli bango. Kwantar da kifin a kan takarda a yanayin da kake so ya tsaya, ka zana kewayensa da fensir, ka yi alamar inda kowane ƙege ya fara da inda ya ƙare. Lanƙwasa kaɗan ta wadatar. Kifin da aka murɗa da yawa, kamɓorinsa kan miƙe a bayan lanƙwasar, ya cunkushe a cikinta. Auna kuma faɗin jiki daga gefe zuwa gefe a wuraren nan huɗu.

Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ka barbaɗa boraks, ka kwantar da gefen ado a kai. A gefen bango za ka tsaga, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya da almakashi, bisa layin da ke ratsa tsakiyar gefen kifi, daga gindin wutsiya zuwa marfin kunne, har ka datse ƙashin kafaɗar da ke ƙarƙashin marfin. Da dakusasshiyar wuƙa za ka riƙa raba fata da nama, sama zuwa gadon baya, ƙasa zuwa ciki. Idan ka iso gindin ƙege, datse ƙasusuwansa ta ciki da almakashi, ka bar kamar rabin santimita manne da fata. Datse ƙashin baya a gindin wutsiya, ka ɗaga gangar jiki, ka ci gaba da rabawa ta gefen ado zuwa kai, sannan ka datse ƙashin bayan a ƙeya, ka yanke maƙogwaro, ka ciro gangar ɗungurungum.

Ƙa'ida ɗaya ke tsare kamɓori a duk wannan aiki: gangar jiki ake juyawa, fata tana kwance inda take. Da zarar ka naɗe fata ko ka karya ta biyu, za ka ji kamɓori na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Riƙa yayyafa wa ƙege ruwa kada su bushe. Gangar da ka ciro kuwa, sa ta a firji. Da ita za ka gwada jikin da za ka sassaƙa.

Kankara, inda yawancin aiki ke lalacewa

Shimfiɗa fatar a kan lebur ɗin katako, ciki yana sama, ka kankare ta da bakin cokali a hankali. Akwai wani siririn rufi mai launin azurfa a cikin fata; bar shi iya yadda za ka iya, don inda aka kankare shi kan yi duhu in ya bushe. Nama da kitse ake nema.

Wuraren da nama ke ɓuya su ne ke cin lokaci. A gindin wutsiya akwai tsoka da ta shige tsakanin ƙasusuwan ƙege, sai an bi ta da tsinin wuƙa. A gindin kowane ƙege akwai ƙananan tsoka da kitse. Kai kuwa ya fi ko'ina. Ciro idanu ka auna faɗin gurbinsu da milimita, don da wannan awon za ka nemi idon gilashi. Ta gurbin ido za ka zura hantsaki ko ƙaramin cokali ka kwashe naman kunci gaba ɗaya ba tare da ka huda fatar ba. Kunci ya zama kamar aljihu wofi. Fasa ƙoƙon kai ta baya ka kwashe ƙwaƙwalwa, ka wanke ramin. Kwashe naman ƙarƙashin harshe da na maƙogwaro. Jajayen saƙar numfashi da ke ƙarƙashin marfin kunne, mai koyo ya cire su kawai ya rufe marfin, domin su ne ke fara ruɓewa. Naman da ya kai girman ƙwayar wake, in aka bar shi a kunci, zai motse ya bar rami, ya yi ɗoyi, ya kira ƙwari.

Bayan kankara, wanke fatar sau biyu ko uku da sabulun kwanuka a ruwan sanyi. In kifin mai maiƙo ne, tsoma fatar cikin asiton ko farin tinan fenti na wasu awanni zuwa kwana ɗaya, a rufaffen mazubin ƙarfe ko gilashi, a waje, nesa da wuta. Don gwaji, danna farar takarda a cikin fatar bayan ta tsane: in ta bar tabon mai, a sake. Maiƙon da ya saura zai fito bayan watanni, ya yi rawaya-rawaya a kan fenti, musamman a kai da gindin ƙege.

Jiƙo

Narkar da boraks kimanin giram 50 a kowace lita ta ruwan ɗumi, ka bar shi ya huce sarai. In ka ga ɗan gari ya kwanta a ƙasa, ruwan ya ƙoshi ke nan. Nutsar da fatar duka, ba tare da ka naɗe ta ba, na awa 12 zuwa 24. Wasu sun fi son sifirit rabi, ruwa rabi, wanda ya fi ratsa kai amma yana sandarar da ƙege, sai an ɗauraye fatar ta saki kafin a ɗora. Ko wanne ka zaɓa, yi wa leɓe, gindin ƙege da duk kaurin da hannu bai kai ba allurar ruwan da sirinji.

Boraks ba ya jeme fata. Aikinsa hana fumfuna da ƙwari har ta bushe, da kuma bayan ta bushe. Gishiri bai dace ba, don yana jawo danshi daga iska, sai ka ga kifin yana gumi a bango duk lokacin da aka yi lema. Masu sana'ar na dā da sabulun asenik suke aiki, wanda wani mai haɗa magunguna a Faransa, Jean-Baptiste Bécoeur, ya ƙirƙiro a ƙarni na 18. Guba ne, saboda haka in tsohon kifin ado ya zo hannunka don gyara, sa safar hannu da takunkumi kafin ka kakkaɓe shi.

Sassaƙa jiki da ɗora fata

Soso mai tauri na foliyuretan ya fi sauƙin sassaƙa. Katako mai laushi ma yana yi, sai dai nauyi. Farin soson da ake cusawa a kwalin kaya yana narkewa in tina ko rezin ya taɓa shi, don haka in shi ka samu, shafe shi da gam ɗin katako sau biyu tukuna. Manna zanenka a kai, ka yanke siffar gefe, sannan siffar sama, ka zagaye kusurwoyi da magagari, ka gama da sanfefa. Ajiye gangar gaske kusa kana dubawa: kifi ya fi kauri a sama kusa da baya, ya sirance zuwa ciki, ba ƙwai ba ne. Kewayen jikin ya gaza awonka na farko da milimita 3 zuwa 5, don a bar wa fata da gam wuri. In ya yi girma, ɗinki ba zai haɗu ba, kamɓori ya miƙe. In ya yi ƙanƙanta, fata ta yi tattara. Yanka ramuka inda gindin ƙege za su zauna. A gefen bango, huda gurbi ka dasa guntun katako mai kaurin santimita 2 da gam mai ƙarfi. A nan sukurun rataya zai kama.

Tsane fatar da tawul, ka gwada ta a jikin ba gam, ka gyara har ta zauna. Sannan shafa gam mai jinkirin bushewa, siriri, a jikin duka. Sa ɗan yumɓu ko ƙullin takarda da gam a mahaɗar wutsiya, gindin ƙege da mahaɗar kai, don kada a ga tudu ko kwari. Cika kunci ta gurbin ido har ya dawo yadda yake a hoto. Daidaita ƙegen baya ya hau tsakiya cif, sannan ka ɗinke tsagar daga wutsiya zuwa kai da zaren nailan, tazarar santimita ɗaya tsakanin ɗinki, allura tana shiga ta cikin fata tana fita waje. Shafa da jiƙaƙƙen yatsa daga kai zuwa wutsiya, ka kori iska, ka kwantar da kamɓori, ka goge gam ɗin da ya fito tun bai bushe ba.

Ɗaure kifin a kan sanda ta wurin katakon nan, yadda iska za ta zagaye shi. Buɗe kowane ƙege ka matse shi tsakanin kwali a baya da ragar waya a gaba, ka kama da maƙalin shanya ba da ƙarfi ba. Kada ka buɗe shi har iyaka. Kifi mai iyo ba ya baje ƙegensa kamar mafici, kuma bushewa za ta ƙara ja har ya tsage. Tokare baki da guntun soso, ka danne marfin kunne da allurai.

Bushewa

A inuwa, inda iska ke wucewa, da fanka a hankali in akwai, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Rana da zafin wuta suna busar da waje da sauri, fata ta ja, kamɓori ya tashi. A kwana ukun farko riƙa dubawa kullum kana mayar da abin da ya goce, don bayan nan ba ya gyaruwa. Kifi mai santimita 40 yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, babba ya kai mako shida ko fiye, kai kuma shi ne na ƙarshe. Ƙwanƙwasa leɓe da kunci da farce: busasshe yana ƙara kamar katako. In ka taɓa ka ji sanyi-sanyi, ko hancinka ya ji ƙarni mai nauyi, akwai saura. Fentin da aka shafa a kan danshi yana kumbura ya ɓare.

Gyara da fenti

Busasshen kifi ba shi da kyan gani: launin toka-toka, saman kai ya lotsa, leɓe ya motse. Haka yake ga kowa. Cike wuraren da suka lotsa da ƙullin ifoksi mai haɗi biyu, kana lallashinsa da jiƙaƙƙen yatsa, kana duban hoto. Inda kamɓori ya ɓalle, sa ɗan ƙulli ka zana siffarsa da tsinke. Dasa idon gilashi a cikin ƙullin, ya ɗan karkata gaba da ƙasa, kada ya fito zuru-zuru. Ido ne abin da mai kallo ke fara gani, kuma idon da ya fi gurbinsa girma yana ɓata fuskar duka. Bayan kowane ƙege, manna siririyar takarda da gam mai lanƙwasuwa, shafi biyu ko uku, ta rufe tsaga ta ƙara ƙarfi, sannan ka datse bakin da almakashi.

Shafa shelak ko lacquer (man sheƙin da ake shafa wa katako) mai ruwa-ruwa sau biyu don toshe fata. Fenti daga mai haske ake farawa zuwa mai duhu: farin ciki, sai ruwan azurfa ko zinariya a gefe, sai launin gefen, sai duhun baya, sai ratsi da ɗigo. Kowane shafi ya zama siriri har ana hango kamɓori ta cikinsa. Fenti mai kauri yana mayar da kifi abin wasan yara. Ƙaramar na'urar fesa ta fi bayar da laushin haɗuwar launi, amma burushi mai laushi da aka share kusan duk fentinsa a tsumma yana yin aikin. Abin da ke sa kifi ya yi kamar mai rai shi ne ɗiga ɗan azurfa ko zinariya a bakin kowane kamɓori da siririn burushi, ɗaya bayan ɗaya. Aikin yini ne, kuma ya cancanci yinin. Tsaya a kan iri ɗaya na fenti, don lacquer a kan fentin mai yana sa shi ya yamutse. Kankare fentin da ya hau ido, sannan ka fesa mai sheƙi sau biyu ko uku, kaɗan-kaɗan, a ranar da babu lema, in ba haka ba ya yi hazo fari.

Zubi

Wanke yauƙi da alif sosai, don yauƙi yana hana filasta kamawa a fuskar kifi, sai zanen ya fito a dame. In ciki ya lotsa, cika shi da ruwa ko yumɓu ta baki. Binne rabin kifin cikin jiƙaƙƙen yashi ko yumɓu, ka tallafi ƙege da yumɓu ka kafe su da allurai, ka toshe baki da kunne, ka kewaye da katanga. Dama filasta, wato garin POP, kimanin giram 100 ga ruwa giram 70, kana zuba gari a cikin ruwa. Shafin farko a shafa da burushi don kashe kumfa, sannan a ƙara har kauri ya kai santimita 2 zuwa 3, da tsumman buhu a tsakiya don ƙarfi. Cikin minti 20 zuwa 30 zai yi ɗumi ya kama. Juya, ka share yashin, ka huda ramukan daidaitawa a gefe, ka shafa man basilin, ka zuba rabi na biyu.

Idan ya kama, buɗe ka cire kifin, ka bar mazubin ya bushe na kwanaki, ka toshe shi da shelak, ka shafa kakin rabuwa, domin danshi yana hana rezin kamawa. Haɗa rezin, irin na foliyesta, da maganin daskarewarsa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. In ya yi yawa zai yi zafi ya tsage. Shafa rezin zalla tukuna, sannan shimfiɗar zaren gilashi biyu ko uku, ka haɗa ɓangarorin, ka goge mahaɗa. A waje ake wannan, da takunkumi da tabarau. Sau da yawa sai an farfasa filastar kafin kifin rezin ɗin ya fito. Mai son kwafi da yawa sai ya yi mazubin da roban silikon. Fenti iri ɗaya ne da na fata, sai dai a nan komai daga fari ake farawa.

Kwalba

Fomalin da ake sayarwa, wato ruwan maganin hana gawa ruɓewa, yana da ƙarfin kashi 37 zuwa 40 cikin ɗari. Haɗa awo ɗaya da ruwa awo tara, ka ƙara ɗan boraks don rage tsaminsa da ke cin ƙashi. Baje ƙege da allurai a kan soso, ka shafa musu ruwan su sandare, sannan ka nutsar da kifin na mako ɗaya. Wanda ya haura santimita 15, a yi masa allurar ruwan a ciki ko a ɗan tsaga cikin ta dama. Ɗauraye shi cikin ruwa na kwana ɗaya ko biyu, ka bi da shi ta itanol mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari, sai 50, ka ajiye a 70. Tsalle kai tsaye zuwa mai ƙarfi yana yamutsa shi. Fomalin yana ƙone ido da hanci, yana kuma cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, don haka a waje ake buɗe shi, da safar hannu, nesa da yara. Rubuta sunan kifi da ranar kamu da fensir a takarda mai kauri ka jefa ciki. Tawadar biro narkewa take yi.

Rataya da kulawa

Ɗaure kifin a allon katako da sukuru biyu ta baya, da ɗan toshi tsakani don ƙege su rabu da allon. Rataye shi inda rana ba ta bugunsa, nesa da hayaƙi, zafin wuta da bango mai tsatsar ruwa. Share ƙura da burushi mai laushi daga kai zuwa wutsiya, ba sabulu, ba maganin goge gilashi. Riƙa duba ƙasan inda yake rataye: ɗan gari mai launin ƙasa ko ɓawon tsutsa alama ce ƙwarin fata sun shiga. Sauke shi, ka ɗaure a leda, ka sa a firiza na mako biyu, ka bar shi ya huce a cikin ledar kafin ka buɗe, sannan ka hura garin boraks ta baki da ƙarƙashin marfin kunne.